Tambayar Khairunnisa

Shafi na 19

Masu cewa shafin jiya ya yi gajarta, na ga saƙonku. Ga na yau.

*

Alhaji Lawal Maiturare bai yi sallama ba da ya shigo ofishin hedimasta. Ƙamshinsa ne ya riga shi shiga, shi ya biyo baya.

Malama Juwairiyya tana tsaye jikin kabad, ta rungume kwamfutar hannu a ƙirji. Ita ce malamar ajin ’yan shekara biyar. Ita ce kuma ta buga masa waya, don lambarsa ce a rubuce gaban sunan Khairunnisa Nu’uman, ’yar ƙanensa.

Malam Dabo, hedimasta, ya miƙe da sauri har hularsa ta goce.

“Alhaji, barka da zuwa. Ga wuri.”

“Ban zo zama ba. Ina yarinyar?”

“Tana aji. Iya Kyauta mai rainon yara tana tare da ita.”

“Ta yi kuka?”

Malam Dabo ya dubi Juwairiyya. A makarantar nan duk tambayar da amsarta ke da nauyi, malaman aji ake tura wa.

“Ba ta yi ba, Alhaji,” in ji ta. “Shiru kawai ta yi.”

Alhaji ya juyo ya kalle ta tun daga hijabi har takalmi.

“Ke ce mai allon nan da ke magana?”

“Ni ce.”

“To faɗa min yadda aka yi. Kada ki rage komai. Ni ɗan kasuwa ne, ina gane kayan da aka taɓa.”

A waje aka kaɗa ƙararrawar sha biyu. Ba wanda ya kula a cikinsu.

“Kowace Litinin yara suke kawo tambaya,” in ji Juwairiyya. “Ba ni nake ba su ba, su suke kawowa. Sai mu zaɓi ɗaya. Kowa ya faɗi abin da yake zato, in rubuta. Sannan mu nema a intanet, mu ga hoto, mu ji bayani, su zana abin da suka gano.”

“’Yan shekara biyar.”

“Eh.”

“Waɗanda ko majina ba su iya fyacewa ba.”

“Sun iya tambaya, Alhaji.”

“Na ga alama. Ci gaba.”

Kwana uku ta yi a Katsina tana bita kafin a damƙa mata na’urar. Masu bitar sun zo da riguna masu guga da kalmomi dogaye. Sun ce a bar yaro ya nemo amsa da kansa. Sun nuna musu makarin da ake kunnawa ya tare tsiraici da zagi da hoton jini. Ta kunna shi. Ta kunna muryar da ke karanta rubutu da ƙarfi, tunda yaranta ba su iya karatu ba tukuna. Ba wanda ya tuna musu cewa a ƙasar nan da hoton mutum yana murmushi ake sanar da mutuwarsa, cikin kalmomi masu tsarki da ba makarin da zai tare.

“Tambayar wannan makon ta raƙumi ce,” in ji ta. “Wata yarinya ta ga raƙuma a kasuwar Mai’aduwa, ta ce me ya sa ba sa jin ƙishi. Yau muka nema. Muka samu hoton ayari a hanyar Agadas. Da muryar ta ce Agadas, Khairunnisa ta miƙe ta ce Babanta yana can.”



“Na ce mata madalla. Sai wani yaro ya ɓata wandonsa a bayan aji, na je in taya Iya Kyauta. Minti biyu ne, Alhaji. Na bar na’urar a kan tebur.”

“Sai ta ɗauka.”

“Ta danna wurin magana, yadda na koya musu. Ta faɗi sunansa cikakke. Nu’uman Sharfaddeen Maiturare, Agadas.”

“Wa ya koya mata sunan cikakke?”

“Ni ce. A makon farko. Don ko yaro ya ɓata a hanya.”

Malam Dabo ya yi tari, ya gyara wani fayil da ba abin da ya same shi.

“Sai me?” in ji Alhaji.

“Sai hotonsa ya fito. Wani shafi ne na ’yan kasuwarmu da ke can. Ta ce ga Babana, ta danna. Muryar ta fara karantawa. Ta ce inna lillahi…”

Ta gyara riƙon na’urar, ta ci gaba.

“Yaran suka ƙarasa mata. Baki ɗaya, yadda suke ji a gida. Kafin in iso teburin muryar ta riga ta karanta sunansa, da haɗarin mota tsakanin Tanut da Agadas, da cewa an yi jana’izarsa a can.”

Sai a lokacin Alhaji ya ja kujerar da ya ce bai zo zama a kanta ba, ya zauna.

“Allah ya jiƙansa, Alhaji,” in ji Juwairiyya. “Allah ya ba ku haƙuri. Ban sani ba. Ba wanda ya sanar da makaranta.”

“Amin. Ki rage murya.”

Ta rage.

“Na san ana ɓoye wa yara irin wannan, a ce ya yi tafiya. Ban ga laifinku ba. Amma tunda ta riga ta ji, ina ganin a kai ta wurin mahaifiyarta. Ta ɗora ta a cinya ta yi mata bayani. Daga bakin uwa ya fi sauƙi.”

“Wace uwar?”

“Fadila mana.”

“Fadila ba ta sani ba.”

Fankar ofishin ta ci gaba da juyawa. Malam Dabo ya ajiye fayil ɗin.

“Ba ta san me ba?” in ji Juwairiyya.

“Ba ta san mijinta ya mutu ba. Da Hausa nake magana.”

“Tun yaushe?”

“Yau kwana goma sha biyu.”

Ya ciro carbi daga aljihu, bai ja ba, ya dai riƙe.

“Cikinta ya shiga wata tara. Jininta yana sama tun wata shida. Cikin da ya gabaci wannan, jijjiga ce ta kama ta, aka rasa ɗan, ita ma da ƙyar aka samo ta. Likita ya ce ko gardamar cefane kada a yi da ita. To ranar da aka bugo min daga Agadas, ina tsaye a shago, na kira ’yan’uwana biyu, muka je wurin liman. Mu huɗu ke nan. Muka yanke a bari ta sauka lafiya. Saura mako biyu, ko uku.”

“Wayarta fa?”

“Ta lalace.”

“Ta lalace?”

“Ni na lalata ta. Na ce zan kai gyara Kano. Tana cikin durowar shagona.”

“Ba ta tambayar me ya sa bai kira ba?”

“Na ce ya wuce gaba da kaya, inda ba sabis. Ya saba yi. Ranar Juma’a na aika aka sayo dabino a Kongolam, can bakin iyaka, na kai mata na ce saƙonsa ne wani direba ya kawo. Ta ci uku, ta ajiye wa yarinyar sauran.”

Ya faɗi wannan ba tare da ya kalli kowa ba.

“Sadakar uku da ta bakwai a Baure muka yi, gidan kawunmu. An yi addu’a, an raba waina. Rabin waɗanda suka ci ba su san wa suke roƙar wa gafara ba.”

Juwairiyya ta tuna Fadila makon jiya a bakin ƙofar makaranta. Ta sauko daga adaidaita da ƙyar, ƙafafunta sun kumbura har silifas ɗin mijinta take sawa. Ta tsaya tana dariya, tana cewa Khairunnisa ta hana kowa sakat a gida da tambaya.

“Alhaji, takabarta fa?”

“Liman ya ce mai ciki haihuwa ce ƙarshen iddarta.”

“Ke nan za ta gama takabar mijin da ba ta san ya mutu ba.”

“Za ta gama tana da rai. Shi na sa a gaba.”



Alhaji ya mayar da carbin aljihu. Ya koma ɗan kasuwa.

“Ga abin da za a yi. Za ki je ki sami yarinyar nan yanzu, kafin in ɗauke ta. Ki ce mata allon ƙarya ya yi. Ki ce wani ne mai irin sunan, ko me za ki ce, ke kika san harshensu. Ta yarda, ta saki ranta, ta je gida ba ta da labarin da za ta ba uwarta.”

“Ni zan ce?”

“Ke.”

“Kai ne Baffanta, Alhaji.”

“Ni ne Baffanta a da. Tun da kika kawo allon nan makaranta, a gidanmu ba mai sauran magana. Kakarta ta ce mata in ta haɗiye ƙwallon lemo bishiya za ta tsiro mata a ka. Shekara saba’in ana faɗa wa yara haka suna tofarwa. Wannan ta dubi tsohuwa ta ce, wa ya faɗa? Ta ce sai ta tambayi Malama. In na ce mata rana ta fito sai ta leƙa waje. Maganarki kaɗai take ɗauka ba awo.”

“Shi ya sa ba zan iya ba.”

“Shi ya sa ke za ki yi.”

Malam Dabo ya ga lokacinsa ya yi. Mutum ne da ya yi shekara talatin yana koyarwa, kuma abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne gane wanda ya fi ƙarfi a ɗaki.

“Malama, ki duba. Ƙarya don ceton rai, malamai sun yi magana a kai. Akwai sassauci.”

“Malam, jiya ka sa yaro durƙuso tun daga tara har goma don ya ce ba shi ya ci gyaɗar wani ba.”

“Wannan daban.”

“Na sani. Wancan yaro ne.”

“Malama Juwairiyya.”

“Na yi shiru, Malam.”

Ba ta yi shirun ba. Ta juya wurin Alhaji.

“Ka ba ni wata hanya. Ka kai ta gidanka ta zauna wurin matarka har a haihu. Ba sai an yi mata ƙarya ba. A ce mata Umma ba ta da lafiya, kada a gaya mata yanzu.”

“Yarinyar da ba ta taɓa kwana ba uwarta ba? Fadila ba sakarya ba ce. An ɗauke waya, miji ya yi shiru, yanzu kuma a ɗauke ’ya. Ko akuya ce za ta gane ana shirin wani abu. Kuma ki ce ’yar shekara biyar ta riƙe mutuwar ubanta a ciki mako uku? Ni mai shekara hamsin da biyu kwana goma sha biyu na riƙe, abinci ba ya wuce min nan.”

Ya nuna maƙogwaronsa.

“To a gaya wa Fadila,” in ji Juwairiyya. “A asibiti, a gaban likita, da allura a kusa. Ya fi ta ji a bakin hanya.”

“Ke likita ce?”

“A’a.”

“In aka gaya mata ta faɗi, ke za ki ɗaga ta?”

“A’a.”

“In ta tafi ta bar min marayu biyu, ɗaya ko suna ba a raɗa masa ba, allonki zai shayar da shi?”

Ta sunkuyar da kai.

“Kin ga,” in ji Alhaji, muryarsa ta sauka, “ban zo in ci mutuncinki ba. Da na so, da yanzu ina ofishin ilimi, gobe an kwashe allon nan an kulle a kabad, ku koma a, ba, ca, da bulala kamar yadda aka yi mana. Ba shi ya kawo ni ba. Ke kika bar abin a tebur. Minti biyu, kin ce. To ina roƙon minti biyu. Ki gyara abin da kika ɓata.”

Da ya yi mata tsawa, da ta ji daɗin ƙi. Roƙo ne ba ta shirya masa ba.

“In ta girma ta gane fa?”

“Ba sai ta girma ba. Nan da mako uku za ta gane. Za ta tsane ki, ta tsane ni. Amma za ta yi tsanar a cinyar uwarta.”

Juwairiyya ta ajiye na’urar a kan teburin Malam Dabo. Ya ɗan ja kujerarsa baya, kamar abin zai yi magana a kansa shi ma.

“Mu je,” in ji ta.

*

Ajin yana ƙarshen baranda, kusa da tankin ruwa. Ta shiga gaba, Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa, Malam Dabo ya tsaya a bayansa inda ba za a ce yana ciki ba, ba kuma za a ce ba ya nan ba.

Khairunnisa tana bencin gaba, ta duƙufa a kan takarda. Iya Kyauta tana gefe a kan tabarma tana ninke tsummoki.

Idon Juwairiyya a kan yarinyar kawai yake. Ta je ta durƙusa a gabanta.

“Khairi. Kin gama raƙumin?”

“Saura ƙafa ɗaya.”

Kore ta yi shi, don jan-ƙasan ya ƙare tun watan jiya.

“Ya yi kyau. Ajiye fensir ɗin, magana za mu yi.”

Ta ajiye. Ta haɗa hannuwanta a kan benci yadda aka koya musu.

“Abin da allo ya faɗa ɗazu. Kin ji?”

“Ya ce Babana ya rasu.”

“Kin san mece ce rasuwa?”

“Kamar Kaka Hussaini. An ɗauke shi an tafi da shi, bai dawo ba. Aka ba mu gumba.”

“To ki saurare ni.”

Juwairiyya ta ƙara matsowa kusa da ita. 

“Allon kuskure ya yi.”

Yarinyar ta dube ta. Ba murna a fuskarta, ba kuka. Kallon da take yi ne in an nuna musu hoto ana jira su faɗi abin da suka gani.

“Hotonsa ne, Malama. Da hularsa ta Juma’a.”

“Hoton nasa ne. Maganar ce ba daidai ba. Ban gaya muku cewa ba duk abin da ke cikin allo ne gaskiya ba?”

Ta gaya musu. Sau da yawa ma. Shi ne darasin da ta fi alfahari da shi a zangon nan, yau ga shi ta ɗauko shi tana share ƙasa da shi.

“Kin gaya mana,” in ji Khairunnisa. “Kamar da wani ya ce raƙumi ruwa yake ajiyewa a tozo. Muka duba wani wuri, ashe kitse ne.”

“Kamar haka.”

“To mu duba wani wurin.”

“Cajin ya ƙare.”

Ƙarya ta biyu ta fi ta farko sauƙin fita. Wannan ma Juwairiyya ta lura da shi.

“To yana ina?”

“Yana hanya, uwata,” in ji Alhaji daga ƙofa. “Ba ga dabinon da ya aiko ba? Kin manta?”

Khairunnisa ba ta ko waiwaye shi ba.

“Malama.”

“Na’am.”

“Ki ce wallahi.”

Iya Kyauta ta daina ninke tsumma.

“Ba a sa babba rantsuwa, Khairi,” in ji Malam Dabo daga baranda. “Rashin kunya ne.”

“Ba da kai nake ba, Malam.”

Ba da tsiwa ta faɗa ba. Bayani ta yi masa.

Alhaji ya tako cikin ajin, ya sunkuyo kusa da kunnen Juwairiyya. Ƙamshinsa ya rufe ta.

“Ki faɗa. Kaffarar a wuyana.”

Ita kuwa ta yi Islamiyya har ta sauke littattafai. Ta san rantsuwar da mutum ya yi a kan abin da ya san ƙarya ne, ba azumi uku ke wanke ta ba, ba ciyar da goma ba. Ta san Alhaji ma ya sani. Wuyan nasa da yake miƙawa, ba a karɓar irin wannan kaya a kansa.

Ta kuma san ƙafafun Fadila a cikin silifas ɗin namiji.

“Malama, ki ce.”

Ta buɗe baki. Ba za ta iya faɗa tana kallon idon yarinyar ba, sai ta ɗaga kai ta dubi bayanta.

Benci. Benci. Benci.

Ba kowa a kai. Ba jaka ko ɗaya a jikin ƙusa. Takardun raƙuma ne kawai a warwatse, wani mai ƙafa uku, wani mai shida.

“Iya,” in ji ta. “Ina sauran yaran?”

“Wane yara?”

“Yaran ajin nan. Su ashirin da shida.”

Iya Kyauta ta dube ta kamar wadda ta tambayi ina rana take.

“Sun tashi mana. Tun sha biyu. Yanzu ai ana neman kiran azahar.”

Juwairiyya ta miƙe a hankali. Lokacin da abin ya faru ta ce musu kowa ya ci gaba da zanensa, ta fita buga waya. A zatonta a lokacin, duk Daura ta san Nu’uman ya rasu, yarinya ɗaya ce kawai ba ta sani ba. Ba ta ga abin da za ta hana su faɗa ba. Lokacin da ta san gaskiya kuwa, ƙararrawa ta daɗe da kaɗawa, suna ofis su uku manya suna gardama a kan baki ɗaya.

“Duka suka tafi?” in ji Alhaji.

“Ni ba wanda ya ce min in riƙe ’ya’yan mutane,” in ji Iya Kyauta. “Iyaye sun zo, masu adaidaita sun zo. Ai da surutunsu suka fita. Ummukulsum ta Barakatu tun daga nan take ba mai adaidaita labari, wai allo ya yi…”

“Iya,” in ji Juwairiyya, tana nuna yarinyar da ido.

Tsohuwar ta rufe baki da tsumma.

“Wace Barakatun?” in ji Alhaji.

“Mai kitso, ta Tudun Wada,” in ji Iya ta cikin tsumman. “Ba katangarsu ɗaya da gidan ƙanenka ba?”



Duk wanda ya tashi a garin nan ya san abin da mace take yi in ta ji an yi rasuwa a maƙwabta. Ba ta jiran a aiko. Ba ta tambayar ko an sanar. Za ta sauke tukunya ko da tuwon bai nuna ba, ta ja mayafi, ta leƙa gidan da ke kusa ta ce ku fito, an yi rashi gidan wane. Kuma in ta ji cewa kwana goma sha biyu ke nan ba ta je ba, ba tafiya za ta yi ba, gudu za ta yi, don kada a ce ba ta da zumunci.

“A layin su Fadila kaɗai ɗalibaina huɗu ne,” in ji Juwairiyya. Ba ta san ta faɗa a fili ba.

Alhaji ya cusa hannu a aljihu yana laluben waya. Carbin ya fito tare da ita ya faɗi ƙasa, bai ɗauka ba.

“Bari in kira gida. Matata ta je ta tsaya a zaure, duk wadda ta zo ta mayar da ita. A ce ƙarya ce. A ce yara ne.”

Bai kai ga danna lambar ba wayar ta yi ƙara a hannunsa.

Lamba ce da ba suna.

Alhaji yana cikin mutanen da kasuwa ta koya wa amsa waya a sifika, hannu ɗaya na aiki. Yatsansa ya yi abin da ya saba kafin kansa ya hana shi.

Hayaniyar mata ce ta fara fitowa. Wata tana salati. Wata tana cewa a kawo tabarma. Sannan murya ɗaya, a kusa, a natse, tana numfashi da ƙyar irin na mai tsohon ciki.

“Yaya? Fadila ce. Wayar Barakatu na ara.”



“Yaya, mata ne cike da tsakar gida. Duk wadda ta shigo sai ta durƙusa ta ce min ya haƙuri. Na tambaye su, kowa sai ta kalli ’yar’uwarta.”

Ta ja numfashi.

“Haƙurin me nake yi, Yaya?”

Khairunnisa ta sauko daga benci. Ta zo ta tsaya a gaban Baffanta, ta ɗaga kai wajen wayar.

“Umma, ni ce. Kada ki ji tsoro. Allo ne ya ce Baba ya rasu, amma Malama ta ce kuskure ne.”

Hayaniyar cikin wayar ta ɗauke gaba ɗaya.

Yarinyar ta juyo.

“Ga ta nan ma, Umma. Malama, gaya mata.”